Kun Tambaya, Mun Amsa: Naman Kaza Mai Hoda da ke Tsirowa a Jigawa

Tun da kaka ta shigo wasiƙu suke zuwa mana kan wani ɗan tsiro da ake tsinta a cikin yashi bayan ciyawa ta bushe. Mun zaɓi bakwai daga ciki, mun taƙaita su saboda fili.

Tambaya, daga wani malamin kimiyya a Gumel: Assalamu alaikum. Ɗalibaina sun kawo mini wani abu daga wata saura mai rairayi. Kansa zagayayye ne, bai kai santimita 2 ba, yana bisa wani siririn kara mai tauri. Akwai ɗan rami a tsakiyar kan, idan aka matsa sai hoda mai launin tsatsa ta fito. Ba ganye, ba saiwa. Mene ne wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Siffar da ka bayar ta jinsin Tulostoma ce. Fangas ne, ɗan uwan naman kaza da laimar kwaɗi, ba tsiro mai ganye ba. Wanda bai taɓa ganinsa ba ya ɗauka gyaɗa guda ce aka soke a kan tsinke. Faɗin kan yawanci milimita 5 ne zuwa 20, karan kuma santimita 2 zuwa 6, kaurinsa milimita 2 zuwa 5. Hodar nan ita ce irinsa: ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai, kowace ɗaya tana iya kafa sabon fangas idan ta faɗa inda ya dace.

Abin da ɗalibanka suka tsinta ɗan fangas ɗin ne kawai. Ainihin jikinsa fararen zaruruwa ne da suka bazu a cikin ƙasa, suna cin ruɓaɓɓen saiwoyin ciyawa da ganyen da yashi ya binne. Ba ya kama gero ko wake, ba ya cutar da gona. Idan ƙasa ta sha ruwa, zaruruwan sukan dunƙule su yi ɗan ƙwallo a ƙarƙashin yashi. Cikinsa fari ne da farko. A can ƙasa irin yake nuna, sai bayan ya kusa gama nuna karan ya miƙe ya turo kan waje. Shi ya sa kusan kullum za ka ga yashi ya manne a gindin kan: ragowar fatar waje ce da ta kama ƙasa tun yana binne. Sau da yawa rabin karan ko fiye yana cikin yashi, sai kan kawai ake gani.

Hodar ba ta fita da kanta. Sai ɗigon ruwan sama ya faɗo a kan fatar, ko iska ta kaɗa shi, ko dabba ta taɓa shi, sannan fatar ta lotsa ta feso hodar ta wannan ramin. Karan yana ɗaga kan sama da ƙasa ne domin iska ta samu ɗaukar abin da ya fito, kuma yashin da ke tafiya kada ya rufe bakin.

A lura da wani abu da kan ruɗa mutane. Ganinsa a watan Disamba ko Janairu ba ya nufin da hunturu ya tsiro. Da damina ya fito, ciyawa ce ta ɓoye shi. Karansa mai tauri ne, fatarsa kuma ba ta ruɓewa da wuri, saboda haka yakan yi watanni a tsaye. In za ka fita da ɗalibai nemansa, ka bari sai dabbobi sun kiwace ƙarangiya ƙasa ta buɗe, ku duba wuraren da ciyawa ta yi tsilli-tsilli: gefen burtali, tsohuwar saura, gindin sabara. A tsugune ake nemansa. Inda aka ga ɗaya, da wuya a rasa wasu a cikin taku biyu ko uku.

Tambaya, daga wani dattijo makiyayi a yankin Tasawa: A wajenmu akwai wanda ke fitowa a kan suri da kuma gefen hanya, fari, dogo, ya kai taƙi guda. In ya tsufa hodarsa baƙa ce tana ɓata hannu. Shi ne wanda kuke magana?

Amsa: Ba shi ba ne, Baba, Allah ya ƙara lafiya. Wanda kuka gani Podaxis ne, kuma a ƙasashen Sahel ya fi Tulostoma saurin shiga ido saboda girmansa, yakan kai santimita 15 zuwa 20. Kansa dogo ne, ba zagayayye ba, da ɓawo-ɓawo a jikinsa. Ba shi da rami a sama. Fatarsa daga ƙasa take tsagewa, wajen da ta haɗu da kara, ko ta farfashe ta zube. Hanya mafi sauƙi ta raba su ita ce a tsaga shi biyu daga sama zuwa ƙasa da reza. A Podaxis karan yana ratsa cikin kan har ƙololuwa, hodar tana kewaye da shi. A Tulostoma karan yana tsayawa ne a ƙarƙashin kan, cikin wani ɗan gurbi, ba ya shiga wajen hodar ko kaɗan.

Surin da Podaxis ke so shi ne ƙaramin nan na garar da ke yankan ciyawa, wadda masana ke kira Trinervitermes. Kada a haɗa shi da Termitomyces, naman kazan da ake ci, wanda ke fitowa daga gidan garar da ke noma fangas a cikin surinta. Termitomyces yana da laima da faifai-faifai a ƙarƙashinta, ba ya zama hoda.

Tun da an taɓo zancen, ga sauran masu kama da Tulostoma a busasshiyar ƙasa. Battarrea dogo ne, karansa mai zare-zare yakan kai santimita 30 ko 40. Fatar kansa tana yankewa ne a kewaye, murfin sama ya faɗi, hodar ta zauna a fili tana manne wa duk wanda ya taɓa, kuma gindinsa yana cikin wata jaka a ƙasa. Schizostoma shi ne ya fi kusa da Tulostoma a ido, amma ba shi da baki tsararre, kan yayyagewa yake yi ya buɗe ɓangare-ɓangare, hodarsa kuma ta fi duhu. Chlamydopus karansa yana ƙara faɗi yayin da ya yi sama, ya haɗe da kan ba tare da gurbi ba, saboda haka ba a cire kan sai an karya. Phellorinia kuwa kauri gare shi, kara da kai duk jiki ɗaya ne, da manyan ɓawo a waje.

Akwai tarko ɗaya. Kan Tulostoma yana ɓallewa daga kara cikin sauƙi, iska ta yi ta mirgina shi. Wanda ya tsinci kan shi kaɗai sai ya ce Bovista ne ko Disciseda, waɗanda ba su da kara tun asali. A juya shi a duba ƙasansa. In akwai zagayayyen gurbi inda kara ya fita, Tulostoma ne.

Tambaya, daga wata ɗalibar nazarin tsirrai a Sakkwato: Na gane jinsin, amma malamina yana son sunan nau'in. Hotunan da ke intanet duk iri ɗaya nake ganinsu. Ta ina zan fara?

Amsa: Malama, ba idonki ne da laifi ba, hoto ba ya raba nau'o'in Tulostoma. Masanin nan ɗan Ajantina, Jorge Wright, ya tattara jinsin na duniya baki ɗaya a littafinsa na 1987, ya amince da nau'i 139, kuma an ƙara wasu bayansa. Yawancinsu daga nesa abu ɗaya ne. Ki nemi gilashin ƙara girma na hannu mai ninki 10, da ma'auni mai milimita, ki bi abubuwa huɗu kafin ki je ga maikiroskof.

Ki fara da baki, domin da shi ake raba jinsin gida-gida. Wani bakin zagayayye ne tsaf, gefensa sumul, wani lokaci ya ɗan taso ya zama gajeren bututu. Wani kuma gefensa zare-zare ne, ya ɗan yi tudu, ba shi da iyaka tsararriya. Na uku tsaga ce kawai marar siffa. Ki duba kuma ko akwai zobe mai duhu kewaye da bakin. Tulostoma brumale, wanda shi ne nau'in da aka kafa jinsin a kansa, bakinsa gajeren bututu ne da zobe ruwan ƙasa. Tulostoma fimbriatum bakinsa zare-zare ne, babu zobe. Inda ake yin kuskure shi ne a kan tsohon samfuri. Wanda ya yi wata shida yashi na dukansa, bututun ya cinye, zaren ya kakkaɓe, zoben ya koɗe, sai baki mai bututu ya koma kamar tsaga. Kada ki yanke hukunci da guda ɗaya. Ki jera biyar ko goma daga wuri ɗaya, ki dogara da waɗanda suka fi sabunta, wato masu cike da hoda waɗanda fatarsu ba ta yi fari fat ba.

Na biyu, fatar waje, kuma ita ce aka fi yin watsi da ita. Kan yana da fata biyu: ta ciki mai kama hodar, da ta waje wadda yawanci ta zube sai saura a gindi. Ki sa bakin allura ki ɗaga wannan saurar. In ta ɗago a matsayin ɓawo siriri, cikinsa fari sumul, to fata ce ta gaske, irin ta brumale. In kuwa ta marmashe ta zama yashi da zaruruwa suka ɗaure, ba wani ɓawo, wannan irin ta fimbriatum ce. Wasu nau'o'in fatarsu ta waje ƙuraje ne ko ƙayoyi. Tulostoma exasperatum na ƙasashe masu zafi haka yake, kuma shi a kan ruɓaɓɓen itace yake fitowa, ba a yashi ba.

Na uku, kara. Ki rubuta tsawo da kauri, da launi, fari ne ko ruwan ƙasa ko ja-ja, sannan ko sumul yake, ko yana da layi-layi, ko ɓawo. Tulostoma squamosum da ɓawonsa mai duhu ja-ja ake gane shi. Ki duba wuyan, inda kara ya shiga gurbinsa: akwai tazara tsakanin kara da gefen gurbin ko a matse yake, gefen kuma lafiyayye ne ko yagagge.

Na huɗu shi ne gindi, kuma shi ne ke ɓata wa masu tsinta aiki, domin in an fizgo sai ya tsaya a ƙasa. Yawancin nau'o'i suna da ɗan dunƙulen zaruruwa da yashi a gindi. Kaɗan suna da jaka sosai. Tulostoma obesum, nau'in hamada da aka sani a Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, yana da wannan jaka, jikinsa fari, hodarsa mai duhu, bakinsa yana yagewa da tsufa. A tsofaffin littattafai za ki same shi da sunan volvulatum. Mai aiki a Sahel ya kamata ya san shi.

Bayan wannan sai ƙwayoyin iri, ki karanta amsar da ke biye. Amma ga shawararmu tun yanzu. Mafi yawan jagororin tantancewa da za ki samu an rubuta su ne don Turai ko Amurka. Jagora kuwa dole ya kai ki ga wani suna, ko da abin da ke hannunki ba ya cikinsa. In siffa uku sun dace, ɗaya ta ƙi, kada ki danne wadda ta ƙi. Ki rubuta Tulostoma sp., wato ba a tantance nau'in ba, tare da cikakken bayanin abin da kika gani, ko ki sa cf., wato yana kama da, kafin sunan da ya fi kusa. Wannan aiki ne ingantacce, kuma malamin da ya san fannin zai karɓe shi. Ki nemi kuma aikin D. M. Dring na 1964 kan irin waɗannan fangas na Afirka ta Yamma. Ya tsufa, sunaye da yawa sun canza, amma a kan samfuran yankinmu aka gina shi.

Tambaya, daga wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje a Zariya: Na ɗora hodar a ruwa, sai kumfa da dunƙule nake gani. Ƙwayoyin irin da na gani kuma duk sumul suke, alhali littafi ya ce suna da ƙuraje. Awona ma bai dace da na littafi ba.

Amsa: Matsala uku ce, Malam, kowace da dalilinta.

Kumfar daga ruwan take. Ƙwayoyin nan ba sa jiƙuwa da ruwa, haka aka halicce su don ɗigon ruwan sama ya fesa su maimakon ya jiƙa su. Ka ɗebi hoda kaɗan da bakin allura daga tsakiyar kan, ba daga baki ba, ka haɗo da 'yan zaruruwan da ke cikinta. Ka ɗiga alkohol mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, ka jira ya kusa bushewa, sannan ka ɗiga ruwan sinadarin potassium hydroxide (KOH) mai kashi 3, wato giram 3 a cikin ruwa mililita 100. Ka wargaza da allura biyu, ka rufe da siririn gilashi daga gefe guda a hankali. KOH yana cin fata, a kiyaye ido. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗibar hoda da yawa. In kana ganin tabon ruwan ƙasa sosai da ido, ta yi yawa.

Sumul ɗin da kake gani kuwa daga ƙarfin madubin ne. Ƙwayar Tulostoma yawanci maikiromita 3 zuwa 7 ce, maikiromita ɗaya kuma kashi ɗaya ne cikin 1000 na milimita. Ƙurajen ba su kai maikiromita ɗaya ba a nau'o'i da yawa. A ninki 400 ba za ka gan su da kyau ba. Sai ninki 1000, da ruwan tabarau mai lamba 100 da man da aka yi don shi. Ka yi wani shirin na biyu da shuɗin rini na laktofenol, ka ɗan ɗumama gilashin ba tare da ya tafasa ba. Rinin yana kama ƙurajen, kuma kaurinsa yana hana ƙwayoyin yawo. Ka rage buɗin hasken ƙasa kaɗan, ka riƙa ɗaga saiti kana saukewa: gefen ƙwayar zai nuna maka tsayin ƙurajen, samanta kuma ya nuna ko a warwatse suke, ko sun haɗu sun yi layi, ko sun yi raga. Brumale ƙurajensa ƙanana ne, girman ƙwayar wajen maikiromita 4 zuwa 5. Obesum sumul yake da gaske. Exasperatum raga ce mai zurfi. Inda aka samu maikiroskof na lantarki, shi ke yanke gardama, domin akwai waɗanda ake gani sumul a madubin haske alhali suna da ɗan kaushi.

Awo kuma, ka tambayi kanka abu uku. An daidaita ma'aunin da ke cikin madubin ido da gilashin awo, a kan wannan ruwan tabarau ɗin takamaimai? Littafin da ƙuraje ya auna ko ba da su ba? Wannan kaɗai yana kawo bambancin maikiromita ɗaya ko fiye, wanda ya isa ya kai ka ga wani nau'in. Sannan ƙwaya nawa ka auna? A auna 20 zuwa 30, ba tare da zaɓen manya ba, a rubuta mafi ƙanƙanta da mafi girma da matsakaici, a faɗi ruwan da aka yi amfani da shi.

Kada ka manta zaruruwan cikin hodar. Ka auna faɗinsu, ka duba gaɓoɓinsu: sun kumbura ko daidai suke da zaren, suna da launi ko babu. A brumale gaɓar tana kumbura sosai, kuma akan ga ƙananan duwatsu masu ƙyalli manne da zaren. In ka ga gajerun zaruruwa masu naɗi a jikinsu, abin da ke gabanka Battarrea ne. In ƙwayoyin sun wuce maikiromita 10, bangonsu mai kauri, da ɗan rami a ƙarshe, Podaxis ne.

Tambaya, daga wata malamar makaranta a Damagaram: Na tara wasu a leda bara. Da na buɗe bana sai gari da ƙwari. Yaya ake adana su?

Amsa: Ledar ce ta fara cutar ki, Malama, domin tana riƙe laima, ƙwarin kuma tun daga daji ƙwansu yake ciki.

A tono, kada a tumɓuke. Ki soka wuƙa ko ƙaramin cokalin gini santimita 5 daga jikinsa, ki nutsa santimita 10, ki ɗago da ƙasar gaba ɗaya, ki bar yashin ya zube da kansa. Kada ki wanke, kada ki goge yashin gindin kan, domin shi ne shaidar fatar waje. Kafin ki tono ki ɗauki hoto da ma'auni a gefe, bayan kin tono ki ɗauki na baki da na gindi daga kusa. Abin da kika samu a wuri ɗaya ya shiga ambulan takarda ɗaya, na wani wurin ya shiga wata, ko da taku goma ne tsakaninsu. Nau'i biyu sukan zauna a fili ɗaya, kuma in hodarsu ta gauraya awon maikiroskof ya lalace. Kwalin ashana da ɗan auduga yana hana kan ɓallewa a hanya.

Na rani a bushe yake, kwana biyu a inuwa mai iska sun isa. Na damina yana son ɗumi kimanin digiri 40 har karan ya karye ƙas in an lanƙwasa. Zafin da ya wuce haka sosai yana ɓata DNA. Don kashe ƙwari, ki sa ambulan a cikin mazubi mai rufuwa ruf, ki ajiye a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili na mako guda, in kin fitar kada ki buɗe sai ya huce, in ba haka ba raɓa za ta sauka a kansa. Inda wuta ba ta tsayawa, mazubi mai murfin roba da ƙullin silika mai tsotse laima yana taimakawa, a riƙa dubawa duk wata, musamman daga Yuli zuwa Satumba.

Takardar bayani da fensir ake rubuta ta: lamba, rana, gari mafi kusa, lambobin GPS daga waya, irin ƙasar, tsirran da ke kewaye, da ko wurin kiwo ne ko saura. Samfurin da ba shi da wannan takarda ba shi da amfani ga mai bincike. In kin tara masu kyau, ki raba biyu ki kai rabi ma'ajiyar tsirrai ta jami'a, irin ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai ko ta Ahmadu Bello a Zariya.

Tambaya, daga wata uwa a Azare: Ana ci? Kuma na ga ana barbaɗa irin wannan hoda a kan ciwo.

Amsa: Hajiya, Tulostoma ba abinci ba ne. Lokacin da ya fito fili ya riga ya zama kara da hoda. Podaxis ana cin wanda bai nuna ba, tun cikinsa na fari, a wasu yankunan Indiya da Pakistan, amma ba mu ba kowa shawarar ya gwada daga karanta mujalla ba, domin ƙaramin naman kaza da bai buɗe ba yana kama da masu dafi, irin Chlorophyllum molybdites mai sa amai da gudawa mai tsanani.

Barbaɗa hodar a kan ciwo tsohuwar al'ada ce a ƙasashe da dama. Tana tsotse jini, amma daga ƙasar da dabbobi ke kiwo ta fito, ƙasa kuwa ita ce gidan ƙwayar cutar tetanus. A wanke ciwo da ruwa mai tsabta da sabulu, a je asibiti. Cibiyar jariri ko kusa kada a kai mata. Yara kuma a hana su fesa wa juna a fuska. Taɓawa ba komai, amma shaƙar hodar irin waɗannan fangas da yawa tana kumbura huhu: a 1994 an ba da rahoton wasu matasa takwas a jihar Wisconsin ta Amurka da suka kamu da ciwon numfashi bayan sun shaƙe ta da gangan.

Tambaya, daga wani ɗalibin digiri na biyu a Kano: Littafinmu ya sa Tulostoma a ajin Gasteromycetes, dangin Tulostomataceae. A intanet kuma na ga Agaricaceae. Wanne ne daidai? In kuma nawa bai dace da kowane nau'i ba, zan iya raɗa masa suna?

Amsa: Littafinku tsohon tsari ya bi. Christiaan Hendrik Persoon, wanda aka haifa a Afirka ta Kudu ya yi aikinsa a Turai, shi ya kafa jinsin a 1794. Daga zamaninsa har kusan ƙarshen ƙarni na 20, duk fangas ɗin da irinsa ke nuna a rufe cikin jaka akan tara shi a rukuni ɗaya, wanda aka sani da Gasteromycetes. Da aka fara kwatanta DNA, musamman aikin David Hibbett da abokansa na 1997, sai ta bayyana cewa waɗannan ba zuriya ɗaya ba ce. Siffar ta ɓullo sau da yawa daga kakanni daban-daban. Naman kaza mai laima harba irinsa yake yi daga faifansa, kuma harbin yana buƙatar ɗan ɗigon ruwa da ke taruwa daga iska mai laima. Zuriyoyi da dama sun rasa wannan harbi, suka koma nunar da iri a rufe, abin da ya dace da busasshiyar ƙasa. Tulostoma da Battarrea da Podaxis duk sun faɗo cikin Agaricales, rukunin naman kaza mai laima, kusa da Agaricus, naman kazan da ake nomawa ana sayarwa. Saboda haka a rubutunka ka jera rukunan daga babba zuwa ƙarami, Basidiomycota, Agaricomycetes, Agaricales, Agaricaceae, ka ambaci cewa wasu marubuta suna riƙe da Tulostomataceae har yanzu. Gasteromycetes kuwa ka yi amfani da shi don bayyana siffa kawai, ba dangantaka ba.

Tambayarka ta biyu ta fi nauyi. Yiwuwar naka sabo ne ba ƙarama ba ce. A 2017 Mikael Jeppson da abokan aikinsa sun binciki DNA na Tulostoma, galibi na Turai, inda aka fi shekara 200 ana tattara shi, suka sami nau'i 30 masu suna da wasu 27 marasa suna. In haka Turai take, ka auna Sahel. Amma rashin dacewa da jagora ba hujja ba ce. Ka fitar da DNA daga hodar tsakiyar sabon samfuri, ka karanta yankin DNA da ake kira ITS, wanda aka amince da shi a 2012 a matsayin alamar tantance fangas, da firamomin ITS1F da ITS4, wato gajerun guntayen DNA da ke kama farko da ƙarshen yankin. Tsohon samfuri yakan ba ka DNA na fumfunar da ta hau shi, don haka in sakamakon ya nuna wani abu can daban, ka sake da wani. In ka kwatanta a GenBank, rumbun jerin DNA na intanet, kada ka ɗauki sunan da ya zo a sama ido rufe, domin akwai jerin da aka shigar da sunan kuskure. Ka nemi waɗanda aka karanta daga samfurin asali na nau'in, ka duba UNITE, rumbun jerin ITS na fangas, ka ƙara yankin DNA na biyu kamar wanda ake kira LSU, ka zana bishiyar dangantaka.

In bayan haka ya tsaya shi kaɗai, kuma kana da tsintuwa fiye da ɗaya masu siffa iri ɗaya, dokar raɗa suna tana buƙatar bayani da Latin ko Ingilishi, da samfuri guda da aka ayyana a matsayin na asali tare da faɗin ma'ajiyar da aka ajiye shi, da lambar rajista daga ɗaya cikin rumbunan sunayen fangas, MycoBank ko Index Fungorum ko Fungal Names, wadda ta zama dole tun 1 ga Janairu 2013. Kafin ka aika samfuri ƙasar waje don karanta DNA, ka bi ta jami'arka a samo izini da yarjejeniya a rubuce, saboda ƙa'idojin Nagoya na ƙasa da ƙasa kan raba amfanin albarkatun halittu, da suka fara aiki a 2014, kuma ka tabbata rabi mai kyau, mai kai da kara da gindi, ya zauna a ma'ajiyar gida.